A Karanta Kafin A Dangwala Yatsa

Manoman Ajingi da Gaya sukan jinginar da gona in buƙatar taki ko biki ta taso. To, jingina daban, sayarwa daban. Mai jingina yana iya fanso gonarsa, wanda ya sayar kuwa ya rabu da ita. Kalma guda a takarda ke bambanta su.

Saboda haka a karanta takarda har ƙarshe, a duba kuɗin da iyakokin gonar da sharaɗin fansa. Dokar kare marasa karatu ta ce sai an karanta musu takarda an yi bayani, marubucin ya sa sunansa da adireshinsa. A ƙauye, dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar riƙe gona.

A kira dagaci da shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa.