Kalmar Turanci Mai Harafi Uku da Ma'ana 645

(Kiɗan buɗe shiri)

Zancenmu na yau a kan kalmar Turanci ɗaya ce tak, wadda duk yaron da ya zauna a ajin firamare ya san ta. Haruffanta uku, R, U, N, ana furta ta "ran". Malam ya ce ma'anarta gudu, yara suka amsa, aka wuce darasi na gaba. To amma da masu haɗa babban ƙamusun Oxford na Ingila suka zauna ƙirga hanyoyin da Turawa ke amfani da ita, sai da suka kai 645. Wannan kuwa a matsayinta na aikatau kaɗai, ba a haɗa da inda take zuwa a matsayin suna ba.

(Kiɗa a taƙaice)

Shi wannan ƙamus aikin shekara da shekaru ne. Kashinsa na farko ya fito a 1884, ba a kammala shi ba sai 1928, bayan James Murray, editan da ya ɗauki nauyin aikin, ya rasu tun 1915. Da aka sake buga shi a 1989 cikin juzu'i 20, kalmar da ta fi kowace cin wuri ita ce "set", mai nufin ajiyewa ko girkawa ko saitawa. Ma'anoninta sun kai 430, bayaninta kuma ya ci kalmomi wajen dubu 60, tsawon littafi guda ke nan. Daga baya aka shiga yi wa ƙamusun gyara, sai kambun ya riƙa sauya hannu: "make" ta karɓa a 2000, "put" ta ƙwace a 2007, sannan a 2011 tamu ta yau ta sha gabansu duka. Masanin da ya yi aikin tantance ta, Peter Gilliver, wata tara ya shafe a kanta ita kaɗai.

Yaya aka yi kalma ɗaya ta tara wannan kaya haka? Tun a tsohon Turanci, sama da shekara dubu da ta wuce, tana ɗauke da abu biyu: gudun ƙafa da kwararar ruwa. Shi ya sa har gobe Bature ke cewa kogi yana "run", famfon da aka bari a buɗe yana "run", hancin yaro mai mura ma yana "run". Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurin Bahaushe. Mu ma muna cewa ruwa yana gudu, kogi yana gudana, kuma wanda cikinsa ya ɓaci mukan ce yana gudawa.

Inda abin ya bunƙasa shi ne lokacin da injuna suka cika Ingila. Marubuci Simon Winchester, wanda ya rubuta littattafai kan tarihin ƙamusun Oxford, yana ganin a nan ne kalmar ta samu filin yaɗuwa, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Da aka ƙera injin masaƙa, ana bukatar kalmar da za ta nuna yana aiki ba tsayawa, sai aka ce yana "run". Jirgin ƙasa ya zo, aka ce yana "run" tsakanin gari kaza da gari kaza, ana nufin a nan yake jigila. Agogo yana "run", mota tana "run" da fetur, wato da shi take aiki. Da kwamfuta ta zo, ba a tsaya neman sabuwar kalma ba: manhajar da ke wayarka a yanzu haka, Bature cewa zai yi tana "run". Duk abin da ke motsi da kansa bisa wani tsari, wannan kalma ce ke karɓarsa.

Daga injin sai aka koma kan mai kula da injin. Wanda ke tafiyar da kamfani, ko makaranta, ko ƙasa, sai a ce yana "run" ɗinta. Ku lura, masu sauraro, mu ma ta wannan hanya muka bi. Muna cewa gudanar da mulki, gudanar da kasuwanci, kuma tushen kalmar shi ne gudanar ruwa. Al'ummomi biyu masu nisa da juna suka dubi shugabanci, kowacce ta ga abu ne da ake so ya yi ta tafiya ba tangarɗa.

(Kiɗa)

A fagen siyasa akwai wani bambanci da ya kamata mai sauraron labaran duniya ya sani. A Amurka, mai neman kujera "run" yake yi, kamar wanda ya shiga tsere, mataimakinsa a takara kuma shi ne "running mate", abokin gudu, kalmar da jaridun Najeriya ke yawan amfani da ita duk lokacin zaɓe. A Ingila kuwa an fi cewa "stand", wato tsayawa, daidai da yadda mu ke cewa wane ya tsaya takara.

A harkar kuɗi kalmar tana da wata ma'ana mai tayar da hankali. Idan jita-jita ta bazu cewa banki na shirin durƙushewa, jama'a suka yi rububin kwashe ajiyarsu lokaci guda, wannan shi ake kira "bank run". Haka ta faru a Ingila a watan Satumba na 2007, lokacin da mutane suka yi dogayen layuka a ƙofar bankin Northern Rock. Haka kuma ta faru a Amurka a watan Maris na 2023, inda masu ajiya a bankin Silicon Valley suka nemi cire dala biliyan 42 a rana ɗaya, washegari hukuma ta rufe shi. A karo na biyun yawancinsu ko ƙofar gida ba su taka ba, ta waya da kwamfuta suka yi nasu rububin, amma sunan bai canza ba.

Amma inda ɗalibanmu suka fi shan wuya shi ne idan wata 'yar ƙaramar kalma ta biyo bayanta. "Run out" na nufin abu ya ƙare, kamar man mota ko abinci ko lokacin jarrabawa. "Run into" na nufin yin kiciɓis da wani a hanya. "Run over" kuwa take mutum da mota ne. Idan likita ya tambaye ka ko wata cuta tana "run" a danginku, tambaya yake ko gadonta kuke yi, kamar sikila ko ciwon sukari. Wanda ya tsaya a kan "gudu" kaɗai zai iya ba likita amsar da ba ita ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga abin da nake so a ɗauka da muhimmanci. Mun saba ganin wahalar Turanci tana cikin dogayen kalmomi, irin waɗanda ɗalibi ke haddacewa don ya burge a muhawara. Alhali doguwar kalma galibi ma'anarta ɗaya ce ko biyu. Ka koya yau, ka huta. Gajerun nan na yau da kullum, irin su "run" da "get" da "take" da "put", su ne ke kayar da mutum a jarrabawar WAEC da wajen ganawar neman aiki, domin ana jin an san su tun ana yara, ba a sake komawa kansu.

Kuma babu wanda ya kamata ya gane wannan kamar Bahaushe, mai kalmar "ci". Muna cin tuwo, muna cin jarrabawa, muna cin zaɓe. Ana cin bashi, ana cin amana, ana cin mutunci, ana cin tara, kasuwa tana ci, wuta tana ci, aiki yana ci gaba. Baƙon da ke koyon Hausa, idan aka ce masa "ci" na nufin sa abinci a baki aka tsaya nan, me zai fahimta ranar da ya ji an ce wane ya ci sarauta? Mu ba ma ruɗewa, domin ba mu taɓa koyon kalmar ita kaɗai ba. Tare da abokan tafiyarta muka tsince ta a bakin iyaye. Yaron Bature ma haka ya tsinci tasa.

Don haka kirana ga malamanmu na Turanci, musamman na firamare da ƙaramar sakandare: a rage ba yara jerin kalmomi kowace da fassara ɗaya a gabanta. A ba su jimloli cikakku, a nuna musu kalma ɗaya a wuri biyar ko shida, a tambaye su me ya canza. A fara da "ci" ko "sha" da suka riga suka sani, sannan a tsallaka zuwa Turancin. Ku kuma ɗalibai, idan kun buɗe ƙamus kada ku tsaya a ma'ana ta farko. Ku gangara ƙasa, ku karanta misalan, ku nemo wadda ta dace da jimlar da ke gabanku. A wannan makon ku gwada da jarida ɗaya ta Turanci: duk inda kuka ga kalmar nan ku ja mata layi, ku rubuta fassararta da Hausa a gefe, ku ga sau nawa "gudu" zai yi daidai.

A nan za mu dakata. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)