Babi na Tara: Jijjigar Sitiyari da Gajiyar Damtse

Direban da ya ɗauko mota daga Kano zuwa Legas yakan sauko yana murza damtse, alhali mafi yawan hanyar miƙaƙƙiya ce, bai sha murɗa sitiyari ba. To, me ya cinye ƙarfin hannun?

A fara da taya. Kewayen tayar ƙaramar mota kusan mita 2 ne, don haka a gudun kilomita 100 cikin awa tana juyawa wajen sau 14 a kowace daƙiƙa. In gefe guda ya ɗara nauyi, kowane juyi ɗan naushi ne da ke bin ƙarafa har ya iso tafin hannu. Abin takaicin, ma'aunin duniya na jijjigar hannu, ISO 5349, ya fi ba da muhimmanci ga kaɗawa 8 zuwa 16 a daƙiƙa. Irin wannan taya maras balansi ta faɗo tsakiyar wurin ke nan.

A cikin tsoka akwai wasu 'yan zaruruwa da aikinsu jin miƙewa. Jijjiga takan ruɗe su, su riƙa kai ƙara ga lakar baya cewa ana jan tsoka, ita kuwa ta mayar da umarnin a ɗaure. Masana biyu 'yan Suwidin, Hagbarth da Eklund, sun bayyana wannan a 1966. Direba bai yi niyya ba, amma yatsunsa sun ƙara damƙa. Tsokar da ta daɗe a ɗaure tana matse hanyoyin jininta, iskar da take buƙata ta ragu, sai tsami ya taso daga tsintsiyar hannu zuwa kafaɗa. Ga kuma mugun zagaye: hannun da ya ƙanƙame sitiyari ya fi kwasar jijjiga, wadda za ta sa ya sake ƙanƙamewa. Sabon direba mai riƙon tsoro ya fi kowa shan wannan wahala.

Tarayyar Turai ta kafa doka a kan jijjiga wurin aiki a 2002. Motar gida mai lafiya ba kasafai take kaiwa iyakar dokar ba. Masu tarakta da 'yan acaba a kan gargada su ne abin tausayi.

Jijjigar da ke tasowa a wani gudu, ta lafa in an wuce shi, galibi ta taya ce. Maƙala ɗan ƙarfe mai nauyin giram kaɗan a bakin rim yakan kashe jijjigar.