Bola Jari: Kimiyyar da ke Ɓoye Cikin Juji

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa unguwannin birnin Kano da damina ya san halin da ake shiga idan ruwan sama ya sauka. Magudanai kan toshe da leda, ruwa ya rasa hanya, ya shiga gidaje, inda ya kwanta kuma sauro ya samu wurin hayayyafa. Abin tambaya a nan shi ne, shin dukkan abin da muke zubarwa shara ne? Amsar masana kimiyya ita ce a'a. Bari mu duba kashi uku na abin da ke cikin juji.

Abin da ke ruɓewa

Sauran abinci da ɓawon kayan marmari da ganyaye da kashin dabbobi duk suna ruɓewa. Ƙananan halittu da ido ba ya gani, wato bakteriya da dangoginsu, su ne ke cinye su. Yayin wannan aiki zafi kan tashi, har tsakiyar tarin ya kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, abin da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa da irin ciyawa. Abin da ya saura shi ne taki mai ɗauke da sinadaran naitirojin da fosfaras da fotashiyam. Manoman karkarar Kano sun daɗe da sanin haka, shi ya sa tun kaka da kakanni suke kwasar takin birni a mangala bisa jakuna zuwa gonakinsu. Amma sai an juya tarin lokaci-lokaci domin iska ta shiga, in ba haka ba wari da iskar mitan ne za su riƙa fita.

Ƙarfe da alminiyam

Ana samun alminiyam ne daga wani dutse mai suna bokzait, wanda ƙasar Gini ke da shi jibge. Raba shi da dutsen na cin wutar lantarki mai yawan gaske. To amma narkar da tsohon alminiyam na buƙatar kimanin kashi 5 cikin 100 kacal na wannan makamashi. Bugu da ƙari, yana narkewa a digiri 660, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500. Wannan ne dalilin da ya sa maƙeri ke iya narkar da gwangwanayen lemo da wutar gawayi, ya zuba a gurbin da ya siffata da yashi, ya fitar da tukunya ko ludayi. Ashe 'yan gwangwan da 'yan bola jari ba ƙaramin aiki suke yi wa al'umma ba.

Sai dai akwai hattara. Kada a kuskura a haɗa dalmar tsohon batirin mota cikin abin da za a ƙera kayan girki, domin dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. A shekarar 2010 gubar dalma daga wuraren haƙar zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara a Jihar Zamfara.

Leda

Ita leda daga man fetur ake yin ta, kuma ƙananan halittun nan ba sa iya cin ta. Rana kan ƙeƙasar da ita ta farfashe, amma ba ta zama taki. Akuya ko saniya ta haɗiye ta, sai ta cushe a tumbi, dabbar ta rame har ta mutu. Ƙona ta kuwa hayaƙi mai cutar da huhu yake haifarwa. Saboda haka ƙasar Ruwanda ta haramta ta a 2008, Kenya kuma ta bi sahu a 2017.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Abu mafi sauƙi shi ne a rage: a tafi kasuwa da kwando, a kai takalmi wurin mai gyara, a liƙe bokitin da ya tsage. Malamai na iya ajiye mazubi uku a makaranta, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na ƙarfe, ɗaya na leda, ɗalibai su riƙa auna nauyin kowanne duk mako. A ƙarshen zango su da kansu za su lissafa yawan dukiyar da a da suke zubarwa.