Awon Kabon a Cikin Ƙasa: Taɓon Ganye da Fadamun Kankiya da Kusada

Kabon shi ne sinadarin da ya fi yawa a cikin gawayi. Tsiro ya kan zuƙe shi daga iska ya gina jikinsa da shi. In ya mutu ya ruɓe, sai kabon ɗin ya koma iska. Amma inda ruwa ya ke kwance rani da damina, iska ba ta ratsa ƙasa, ruɓewa ba ta ƙarasawa. Sai ganye da saiwa su yi ta taruwa, kimanin milimita ɗaya a shekara, har su zama baƙar ƙasa mai taushi wadda Turawa ke kira fit. Hausa ba ta da sunanta, don haka a nan za mu ce da ita taɓon ganye. Irin wannan ƙasa ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon da ta riƙe ya fi na itatuwan dazuzzukan duniya duka.

Masu fassara su kan so su ce da ita fadama. Wannan kuskure ne, awo kuwa shi zai nuna girmansa.

Mai awo abu uku ya ke nema: zurfin ƙasar, da nauyinta in ta bushe, da kason kabon da ke cikinta. Da fari ya kan kafa dogon bututun ƙarfe ya zaro ƙasa daki-daki, har ya taras da yashi ko laka a ƙarƙashi. Sa'an nan ya busar da abin da ya ɗebo a tanda mai zafin digiri 105, ya auna. Daga nan ya ƙone shi a digiri 550, ya sāke aunawa. Nauyin da ya ragu shi ne na ragowar tsirrai, kimanin rabinsa kuwa kabon ne. In aka haɗa wannan da faɗin wurin, lissafi ya cika. A kan wannan tushe ne Greta Dargie da Simon Lewis na Jami'ar Lids a Ingila, da abokan aikinsu, suka bayyana a 2017 cewa taɓon ganye na tsakiyar kwarin Kogin Kwango ya riƙe kabon wajen tan miliyan dubu 30.

To, mu komo gida. A ƙasar Kankiya da Kusada rani ya kan kai wata bakwai ko fiye. Fadama ta kan sha ruwa da damina, amma kafin bazara bisanta ya bushe ya tsattsage, iska ta shiga. Zafi na gaggauta ruɓewa, gara na cin abin da ya saura, kara kuma an kwashe shi don danga da girki da abincin dabbobi. Saboda haka kabon ba ya samun zama. A yawancin gonakin tudu na irin wannan yanki bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ƙonawa ma ba ta ba da amsa ta gaskiya a nan, gama laka na sakin ruwan da ke ɗaure a jikinta, a zaci kabon ne ya tafi. Shi ya sa a ɗakunan bincike irin na Samaru, Zariya, aka fi bin hanyar narkarwa da sinadarai wadda Walkley da Black suka tsara a 1934.

Ga misali don kwatanci. A ɗauki hekta ɗaya ta jigawa, zurfin santimita 30: busasshiyar ƙasarta ta yi tan 4,500. In kabon rabin kashi ɗaya ne cikin 100, an sami tan 22 da rabi. A ɗauki hekta ɗaya ta taɓon ganye mai zurfin mita 2: da ya ke ba shi da nauyi, a ce tan 2,000, rabinsa kabon, watau tan 1,000. Fadama ta fi jigawa, amma ta fi kusa da ita nesa ba kusa ba. Wanda ya haɗa sunayen biyu ya koya wa ɗalibai ƙididdigar da ta ninka gaskiya sau da yawa.

Kada fa a rena ɗan abin da mu ke da shi. Wannan rabin kashi shi ke riƙe laima da abincin shuka. In ya ƙare, gona ta doshi zama fako. Manomi ya daɗe da sanin haka, shi ya sa ya ke kai taki, ya ke barin gawo a gonarsa, ya ke kuma bambanta jigawa da jangargari da laka da fadama. Abin da ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su yi shi ne su tattara waɗannan sunaye daga bakin manoma, ƙauye-ƙauye, masana ƙasa kuma su auna kowace iri da sunanta. Ta haka za a san abin da kowace kalma ta ƙunsa a ma'auni, a kuma gane gonar da ke ramewa tun ba ta mutu ba.