Ina Gicciyen Gobir Ya Shiga?

Duk wanda ya zauna da Kirista na Ƙaura Namoda, ko na Shinkafi da Zurmi, wataƙila ya taɓa jin wannan labari a hirar dare. Wai Gobirawan dā masu bin Almasihu ne, wai sarakunansu suna da wani gicciye wanda kakanninsu suka zo da shi daga Masar. Sa'ad da aka ci Alƙalawa, in ji masu labarin, sai aka binne shi, ko kuwa waɗanda suka ci birnin suka ɗauke shi suka ɓoye don kada asiri ya tonu. Ni kaina na ji shi a bakin wani tsohon ma'aikacin reluwe a Ƙaura, yana faɗi yana rage murya, sai ka ce akwai mai laɓe a bayan zana.

Labari ne mai daɗin ji ga mutanen da aka sha ce musu addininsu baƙo ne. Domin wannan ne ya kamata mu auna shi da kyau kafin mu koya wa 'ya'yanmu.

Alƙalawa dai birni ne na gaske, babban birnin Gobir, a bakin gulbin Rima, arewa maso yamma da Shinkafi. Mayaƙan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci shi a 1808, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a wurin. Namoda, shugaban Alibawan Zurmi, wanda Ƙaura take amsa sunansa, yana cikin manyan yaƙin.

Zancen Masar kuwa, wa ya rubuta shi? Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu, wanda ya ja rundunar da ta ci Alƙalawa. A cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812 ya kawo labarin da ake yi cewa asalin Gobirawa Kibɗawa ne, watau mutanen Masar. Da Baturen nan Kilafaton ya ratsa ta Zurmi ya isa Sakkwato a 1824, ya koma gida da wani yanki na littafin, aka fassara aka buga a London a 1826. Har Bello ya yi ta yi masa tambayoyi a kan ɗarikun Kirista na dā. To, 'yan'uwa, mai ɓoye abu ba ya rubuta shi da hannunsa ya bar baƙo ya tafi da shi.

Sai dai a lura. A littattafan Larabci har mutanen Fir'auna ma Kibɗawa ake ce da su. Faɗar cewa asalin mutum Bakibɗe ne ba ta nuna ya taɓa shiga ekklesiya ba. Kuma garuruwa da yawa suna jingina asalinsu da gabas, kamar yadda Daura take yi da Bagadaza.

An taɓa biɗar waɗannan Kirista na dā, biɗa ta gaske. Wajen 1700 labari ya kai Roma cewa akwai masu ɗaukar gicciye a ƙasar Kwararrafa, kudu da Barno. Limaman Katolika biyu, Fada Karlo mutumin Janowa da Fada Seberino, suka tashi daga Tarabulus a 1710, suka bi ayari ta Fezzan da Agadas har Katsina. Nan ciwo ya kama su, dukansu biyu suka rasu a watan Agusta na 1711. Wani falke ne ya mai da labarin Tarabulus. Ba su kai Kwararrafa ba, ba su kuwa aiko da shaidar sun ga ekklesiya ko ɗaya ba.

A ganina Kano ce ta fi nuna mana yadda irin waɗannan kaya sukan ƙare. Habe na Kano suna da wani abu da ake kira Dirki, an naɗe shi cikin fatu, ana yanka masa shanu shekara da shekaru. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya gaji da ba da shanu, ya sa samari su sare shi da gatura. Da aka buɗe, sai ga Alƙur'ani a ciki. Fatun ne suka yi ta ƙaruwa har mutane suka koma jin tsoronsu. Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da Sarki Hezekiya da macijin tagulla na Musa, wanda ya farfasa domin jama'a sun soma ƙona masa turare.

Akwai kuwa kayan tarihi da suka ɓace a ƙasarmu, amma ba sarakuna ne suka ɓoye su ba. A shekarun 1990 masu haƙa sun yi ta tone tsofaffin kufai a ƙasar Katsina da Sakkwato, da wajen Kwatarkwashi kusa da Gusau, suna fid da mutum-mutumin yumɓu na mutanen dā, dillalai suna saye da araha suna fitarwa Turai. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ake sata. Masu haƙan ba su rubuta inda suka tono kowanne ba, ko abin da ke kwance kusa da shi. Da a ce wani gicciye ya fito daga ɗaya daga cikin ramukan nan, da shi ma a buhu zai bar ƙasar, cikin dare, ba wanda zai iya cewa daga wane kufai ne.