Kurciya a Karan Gero: Yaushe Ya Dace Maharbi Ya Shiga Gona?

A ƙasar Damana da Kurfai, duk wanda ya iya lissafin gero ya iya lissafin kurciya. Maharbi ba ya bukatar duba ko sa'a don ya san inda tsuntsaye za su taru a watan Oktoba. Ya ishe shi ya san gonar da aka fara shukawa, da irin da aka zuba mata, da tabkin da ya fi kusa da ita. Wannan sani gaskiya ne, kuma yana aiki. Matsalarsa ita ce yana aiki fiye da kima. Lokacin da ya nuna wa maharbi a matsayin mafi albarka, wato makon farko bayan an yanke kawunan gero, shi ne lokacin da harbin ya fi ɓarna ga tsuntsun kansa da mutanen da ke cikin gona. Ra'ayina shi ne a yi amfani da lissafin girbi don a san lokacin da za a dakata, a jinkirta farautar kurciya har sai kaka ta kammala, an kwashe maiwa da wake, an saki gonaki.

Bari mu fara da lissafin. Damana, hedikwatar Tondikandiya a yankin Filinge na Nijar, tana gefen Dallol Boso, tsohon kwarin nan da ya gangaro daga Azawak ya ratsa Filinge da Bonkuku da Balayara har ya tarar da kogin Kwara. Ruwan sama a nan ba shi da yawa, kusan milimita 400 a shekara, wani lokaci ƙasa da haka, kuma ba ya sauka bai ɗaya. Wani ƙauye ya yi shuka a Yuni, maƙwabcinsa sai Yuli, wani kuma shukar farko ta ƙone sai an sake. Gero mai saurin nuna, kamar irin HKP da cibiyar binciken noma ta INRAN ta inganta, yana kai wa girbi cikin kimanin kwana 90. Maiwa ba ta bin wannan ƙirga, domin ita gajartar yini take jira kafin ta fid da kai, shi ya sa ko an shuka ta da wuri sai ta makara. Mai lura yakan ƙirga daga bununi: idan kan gero ya yi bununi, saura kimanin wata guda a girbe shi, kuma in yara sun fara gasa tumu to magirbi ya kusa fita. Sakamakon wannan duka shi ne girbi ba ya zuwa rana ɗaya. Daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba ƙasar takan zama tsilla-tsilla, nan an girbe, can ana jira, sai tsuntsayen yanki guda su dunƙule a 'yan gonakin da suka riga saura.

Abin da ke jawo su ya cancanci a dube shi da kyau, domin a nan ne ake yawan kuskure. Manomin Kurfai ba da inji yake girbi ba. Kai yake yankewa ɗaya bayan ɗaya, ya tara, ya ɗaure dami, ya kai rumbu, don haka ƙwayar da ke zuba ƙasa kaɗan ce, galibi a inda aka jibge kawuna kafin ɗauri da kuma masussuka. Mafi yawan abin da kurciya ke tsinta a kara 'ya'yan ciyawa ne, irin su guɗe-guɗe da burburwa, waɗanda suka bushe suka zube daidai lokacin da aka buɗe gonar. Kurciya a ƙasa take kiwo, tana tafiya tana gyaɗa kai, tana son fili inda za ta hango shaho. Kuma tunda busasshen abu take ci, dole ta sha ruwa kullum. Saboda haka yininta a tsare yake: da hantsi tana gona, da rana tana inuwar gawo ko aduwa, da la'asar sakaliya ta sake kiwo ta wuce tabki, sannan ta nufi makwanci. Hanyar da ta bi yau ita za ta bi gobe. Hasbiya, mai jan da'ira a ido da ɗigo-ɗigon fari a fiffike, takan zo garke-garke daga nesa. Bardo ɗan ƙarami mai dogon wutsiya yakan tsaya bakin hanyar shanu. Wanda ya zauna gindin sabara kwana biyu yana kallo ya gama sanin inda zai laɓe.

To me ya hana a yi harbin a lokacin? Dalili na farko yana cikin sheƙa. Kurciya ƙwai biyu kacal take yi, a kan 'yan tsinkayen da ta jera a reshe, ta kwanta musu kamar mako biyu, 'ya'yan kuma su yi kusan wani mako biyu kafin su tashi. Namiji da mace ne ke karɓa-karɓa wajen kwanci, kuma dukansu ne ke ciyar da 'ya'yan da wani farin abu mai kama da nono da ke fitowa daga maƙoƙonsu. Tsuntsun da ke rayuwa da ƙwaya yana kai hayayyafarsa lokacin da ƙwaya ta wadata, wato ƙarshen damina da farkon kaka. Ma'ana, da yawa daga kurciyoyin da ke sauka a karan farko iyaye ne masu neman abin kai wa sheƙa. Maharbi ya ɗauki guda ɗaya ya saka a jaka, amma abin da ya kashe uku ne, biyun suna can kan aduwa ba zai taɓa ganinsu ba. Idan ya jira zuwa Disamba, akasarin waɗannan 'ya'yan sun tashi sun yi ƙiba, adadin tsuntsayen ya kai ƙololuwarsa, abin da zai ɗiba daga rara ne. Wannan ba tausayi kawai ba ne. Lissafin riba ne irin wanda kowane mai kiwo ya sani, ba a yanka akuya mai shayarwa.

Dalili na biyu mutane ne. Gonar da aka yanke wa gero ba ta zama fanko ba. Wake yana nan yana yaɗo a ƙarƙashin kara, mata na roronsa a sunkuye, yara na kala, wani na yankan harawa, wani na tara karan da zai yi darni ko ya ajiye wa dabbobi. Karan nan a tsaye yake, ya fi tsawon mutum, yana ɓoye wanda ke taku goma daga gare ka. Bindigar toka kuwa watsa harsashi take yi. Akwai kuma abin da ba a iya kau da kai daga gare shi: tun 2017 sassan jihar Tilaberi, wadda Filinge ke cikinta, ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda 'yan bindiga, kuma ƙarar harbi a bayan gari yanzu tana iya watsa masu aiki daga gona ko ta jawo wa mai bindigar abin da bai yi tsammani ba. Hukumomi sukan sanya ranar sakin gonaki, wadda daga ita makiyaya ke da damar shigar da dabbobi cikin kara. Wannan rana ta riga ta zama alamar da kowa ya sani cewa manomi ya gama da gonarsa, kuma babu abin da ya hana ta zama alama ga maharbi shi ma.

Za a ce ai harbin kare amfanin gona ne. Wannan hujja tana da daɗin ji, amma ba ta tsayuwa. Hatsin gonar da aka girbe yana rumbu, babu abin da ya rage a kare. Tsuntsun da ke cinye gero a tsaye kuwa jan baki ne da 'yan'uwansa ƙanana, masu sauka dubbai a kan kai su tsattsage shi tun yana ɗanye, kuma ba a taɓa korarsu da harbin kurciya ba. Har a ƙasar da tattabarar daji ke ɓarna ta gaske an gwada abin an gani. A Ingila ana harbin wata babbar tattabarar daji a gonakin sha'ir da alkama bayan girbi, daga Yuli zuwa Satumba, maharba na bin ranar da injin girbi zai shiga kowace gona. A shekarun 1960 wani masani mai suna Murton ya bi diddigin tsuntsun a yankin Kambirij, ya gano cewa harbin da ake yi da hunturu ba ya rage yawansa, domin ƙarancin abinci ne ke ƙayyade adadin da zai kai baɗi. Gwamnati ta janye tallafin kuɗin harsashi da take bai wa maharba a 1965. Idan haka ta kasance a inda bindigogi da harsasai suka wadata, babu dalilin da zai sa mu yaudari kanmu a Damana. Mai harbin kurciya nama yake nema, gara ya faɗi hakan kai tsaye.

Neman naman kuma ba abin kunya ba ne. Gidan da ba ya ganin nama sai ranar suna ko layya, kurciya biyu a miya ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ke zaune a Yamai yana sayen kaza ba shi da bakin yi wa yaron ƙauye wa'azi a kan danƙonsa. Ɗan danƙo da tarkon gashin doki sun daɗe tare da kurciya ba su ƙarar da ita ba, saboda abin da suke kamawa kaɗan ne. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki da niyya: raga da ake shimfiɗawa a bakin ruwa, fitila mai ƙarfi da ake haska makwanci da dare, da mafi muni, hatsin da ake jiƙawa da maganin ƙwari a watsa. Wannan na ƙarshe ba farauta ba ce. Yana kashe zabi da fakara da kajin gida, yana kashe shaho da ungulun da suka ci gawar, kuma gubar tana biyo naman har cikin tukunya. Jinkirin da nake kira gare shi bai hana talaka namansa ba. Ya matsar da shi ne zuwa watannin ɗari, lokacin da aikin gona ya ƙare, tsuntsun ya fi tsoka, sanyi kuma ba ya barin nama ya lalace da wuri.

Akwai wata suka da ta fi waɗannan nauyi, kuma dole a amsa ta. Idan an matsar da farauta zuwa Disamba da Janairu, an kai ta lokacin da baƙuwa ke nan. Akwai kurciyar da ke hayayyafa a Turai, ta tsallako Bahar Rum da Sahara a watan Satumba da Oktoba, ta yi hunturu a Sahel, ta koma a Afrilu. Ana gane ta da fiffike ruwan ƙasa-ja mai baƙin zane kamar ɓawon kifi, da wani tabo a gefen wuya mai layi-layin baƙi da fari. Yawanta ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100 a Turai tun 1980, a Ingila ma ta kusa ɓacewa, kuma a 2015 aka sanya ta cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar haɗari a duniya. A 2021 Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da harbinta, cikin shekara biyu kuma adadinta a yammacin Turai ya ƙaru da kimanin kashi 25. Wannan ya nuna harbi yana da tasiri a kan tsuntsun da ya riga ya yi rauni, saɓanin tattabarar Ingila mai yawa. Gaskiya ne mafi girman laifin raguwarta na Turawa ne, da irin nomansu da ya kawar da ciyawar da take ci, amma a dajinmu take kwana rabin shekara. Amsar ba ita ce a koma harbin kaka ba, tunda baƙuwar ta riga ta iso a lokacin ma. Amsar tana cikin wurin da ake harbin. Wannan kurciya tana kwana ne a taro, ɗaruruwa ko dubbai a kurmi ɗaya kusa da ruwa, kuma a nan ne ake iya yi mata kisan kiyashi cikin dare guda. Da tabkuna suka fara ƙafewa, duk tsuntsun yankin a kan 'yan ruwan da suka rage yake dogara. Maharbin da ya tsaya a kara ya bar bakin tabki da makwanci zai samu abin miya daga kurciyar gida da hasbiya, kuma yana da sararin duba abin da ya saita kafin ya saki.

Doka ma tana nan, ko da yake ba kowa ya san ta ba. Dokar Nijar mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ita ce ta tsara farauta da kare namun daji, ta tanadi takardar izini da lokacin buɗe farauta da rufe ta, ta kuma haramta amfani da guba. Sai dai ma'aikatan gandun daji na Filinge ba za su iya tsayawa a kowace gona daga Damana zuwa iyakar Abala ba, kuma dokar da ke jiran jami'i kafin ta yi aiki ba ta kai wa daji. Waɗanda ke da ikon gaske su ne mai gari da sarkin maharba da mai gonar kansa, wanda ba a shiga karansa sai da yardarsa. Su ne za su iya cewa ba a ɗaga bindiga a gona muddin akwai wake a ƙasa, ba a shimfiɗa raga a tabki, ba a haska kurmi da dare. Mai gona, idan maharbi ya zo neman izini a watan Oktoba, ka ce masa ya dawo bayan an saki gonaki.