Gyaran Cibiyar Ƙafar Bayan Keke

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kekuna da yawa waɗanda aka jingine a zaure suka sake hawa hanya. Wanda ya yi sammako a ƙasar Dawakin Tofa zai gamu da su, daga Tumfafi, daga Kwa, daga Marke, wasu sun nufi makaranta ko ofis, wasu an ɗaure musu buhu a kariya za a kai kasuwar hatsi ta Dawanau. A zamanin En'e keke abin alfarma ne. A kan ba akawu ko malamin makaranta rancen sayensa, a riƙa cira daga albashi, shi kuwa ya yi ta tattalinsa kamar mai kiwon doki. Yanzu keken ya dawo, amma tattalin bai biyo shi ba. Mutum ya san faci, ya san bugun iska, ya san ɗaure birki. Cibiyar ƙafar baya kuwa ba mai tunawa da ita sai ran da ta yi kuka.

Alhali kuwa nan wahala ta taru. Ƙafar baya ita ke ɗauke da mafi yawan nauyin mahayi, ita ke ɗauke da kayan kariya duka, ita kuma sarƙa ke ja. Ga ɗan lissafi, malamai su kai wa 'yan ajinsu. Faɗin ƙafar babban keke, irin Raleigh ko Phoenix, inci 28 ne, watau kewayenta inci 88. Mil guda inci 63,360 ne. In an raba, ƙafar tana juyi 720 a ko wane mil. Malamin da ke tsakaninsa da makarantarsa mil 10, kafin ya je ya komo ta juya sau 14,400, a kwana 5 sau 72,000.

Duk wannan juyi a kan waɗansu 'yan dunƙulallun ƙarafa 18 a ke yinsa, su ne 'ya'yan boris, 9 a dama 9 a hagu, kaurin ko wanne kwatan inci. Ga yadda zamansu ya ke. Akwai sandar ƙarfe wadda ta ratsa cibiya, ita a ke ɗaurewa a jikin keke, ba ta juyawa. A ko wane bakin cibiya akwai kofi. A kan sanda kuma akwai wani ƙarfe mai tsukakken kai wanda ke tokare 'ya'yan boris cikin kofin, bari mu kira shi matokari. Bayansa sai washa, sai notin kulle. Dabarar tsohuwa ce: a 1869 wani maƙerin keke a Faris, Jules Suriray, ya yi rajistar irinta, kuma a shekarar nan keken da aka sa wa ita ya ci tseren Faris zuwa Rouen.

Abokin gaban wannan wuri a ƙasarmu yashi ne. Hanyoyin ƙauyukanmu jigawa ce, da hunturu ƙura, da damina ruwa da taɓo. Da zarar yashi ya cuɗanya da giris, giris ya daina aikin santsi, ya koma dutsen wasa wuƙa. Matokari ya kan fara cinyewa, sa'an nan 'ya'yan boris, daga ƙarshe kofi. To, a nan asarar ta ke. 'Ya'yan boris da matokari kuɗinsu kaɗan ne, ko wane mai kayan keke yana da su. Amma in kofi ya rarake, galibi sai an sayi sabuwar cibiya, a kwance wayoyin ƙafar duka, a sake ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar Raleigh kuwa wayoyi 40 gare ta a baya. Mun sha ganin masu ɗura baƙin man da aka juye daga inji ta bakin cibiya. Kukan ya kan yi shiru kwana biyu, amma man nan cike ya ke da datti, ga shi yana wanke ɗan giris ɗin da ya rage.

Gane ciwon ba wuya. A ɗaga keke a kan jakinsa, a kama taya a girgiza ta dama da hagu. In an ji ƙwas-ƙwas, cibiya ta saki. A juya ƙafar kuma a kasa kunne. In tana gurnani kamar dutsen niƙa, yashi ya shiga. Ko ba a ji kome ba, a ganinmu ya kamata a buɗe ta sau 2 a shekara, bayan ɗaukewar ruwa da bayan hunturu. Wannan magana a kan cibiya mai sauƙi mu ke yi. Mai giya a ciki, irin ta Sturmey-Archer, ko mai birkin feda, a kai wa gwani, gama da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kayan aiki su ne sifana ta noti, da siririyar sifana wadda za ta shiga wuyan matokari, da kananzir, da tsumma, da giris, da 'ya'yan boris sababbi. A shimfiɗa buhu ko tabarma, kada a yi aikin a kan rairayi. A cire ƙafa. In akwai abin kwance faranti mai haƙora wanda sarƙa ke hawa, a cire shi, aikin zai fi sauƙi. Daga hagu a ke kwancewa: notin kulle, washa, matokari, a jera su bi da bi yadda suka fito. Na dama a bar su a kulle. A zare sanda ta dama a hankali bisa faifai, don 'ya'yan boris su zuba inda za a gan su, a ƙidaya. A wanke kome da kananzir, a shanya. Sa'an nan a bi hanyar da boris ya kwanta a jikin matokari da bakin alƙalamin biro. In ya wuce sumul, lafiya. In ya yi tuntuɓe da rami, a sake matokarin. Sandar kuma a mirgina ta a kan tebur, in ta lanƙwashe za ta nuna. Kada a gauraya tsofaffin 'ya'yan boris da sababbi, domin sababbin sun fi kauri, su kaɗai za su ɗauki nauyin.

Wajen mayarwa a cika kofuna da giris, a dasa 9 a ko wanne, giris zai riƙe su. Za a ga ɗan gurbi ya rage. Haka aka yi shi, kada a cusa na goma. Kafin a zura sanda a tabbata matokarin dama da notinsa sun kullu tam. Dalili kuwa, in ya saki, juyin ƙafa zuwa gaba zai riƙa murɗa shi ciki har ya murƙushe boris, mahayi bai sani ba.

Saura ɗauri, wanda nan ne gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Yawancin mutane suna zaton ƙarfin ɗauri shi ne kyaun aiki, su danne matokari har ƙafa ta sandare. Wannan ya fi sakin ɓarna. A murɗa matokarin hagu da yatsu kawai har ya taɓa 'ya'yan boris, a komo da shi baya kaɗan. A riƙe shi da siririyar sifana, a ɗaure notin kulle a kansa. Sa'an nan a juya sanda da yatsu: ta juya ba tsayawa, kuma in an girgiza ta kada ta yi motsi. Da wuya a dace tun karon farko, don notin kulle ya kan ƙara matse matokari. A kwance a sake, ko sau 4 ne, ba abin kunya ba ne.

Muna roƙon shugabannin makarantu su ba wannan aiki rana guda a zango. Garin da aka kafa wa makarantar sakandaren kimiyya tun 1977 bai kamata a ce yaransa suna karanta darasin gogayya a littafi, ba su taɓa riƙe boris a tafin hannu ba. Keken malami guda ya isa aji duka. In an mayar da ƙafa, a daidaita ta tsakiya da notocin jan sarƙa, a bar wa sarƙa sassauci kamar rabin inci, a ɗaure notocin waje. A ɗaga keken, a kawo bakin bugun iska daidai gefe, a saki. In ɗauri ya yi daidai, sau da yawa nauyinsa kaɗai zai jawo ƙafar ta gangaro da shi ƙasa. Bayan tafiyar mako guda a sake girgiza tayar a ji.